Wasiƙa Zuwa ga Masu Shagunan Magani a Kan Murar Hunturu

Zuwa ga 'yan'uwana masu shagunan magani, waɗanda jama'a ke kira masu kemis, na birni da na ƙauye.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ganin hunturu ya kawo jiki, hazo ya fara rufe gari, leɓe ya fara tsagewa, kuma na sani, kamar yadda ku ma kuka sani, cewa nan da 'yan makonni duk wanda ya wayi gari da zazzaɓi da ciwon kai da tari, kafin ya tuna da asibiti, balle ya yi tunanin layin ganin likita, ƙofarku ce zai fara tsayawa, ya miƙo kuɗinsa ya ce a haɗa masa na mura. Na yi shekaru masu yawa ina aikin malamin asibiti kafin tsufa ya zaunar da ni, saboda haka ban jahilci nauyin da ke wuyanku ba, ban kuma jahilci cewa haya da kuɗin makarantar yara daga cikin wannan ciniki suke fitowa ba. Nasihata guda ce, ita ce ku riƙa gaya wa mai saye gaskiya gwargwadon ƙarfin da gaskiyar take da shi. Malamanmu na usulu sun rarrabe tsakanin yaƙini, da zato mai rinjaye, da shakka, ba su yarda a ɗauki ɗaya a aza a gurbin ɗaya ba, kuma a ganina babu sha'anin da ya fi bukatar wannan rarrabewa kamar sha'anin mura, inda kowa likita ne.

Kalmar mura ita kanta ta haɗa abu biyu a bakinmu. Akwai ƙaramar mura, mai zuwa sannu a hankali da atishawa da yoyon hanci, wadda ba ta hana manomi zuwa gona, akwai kuma babbar, wadda likitoci ke kira infuluwenza, mai faɗo wa mutum farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, da ciwon gaɓoɓi, da busasshen tari, da kasalar da takan kwantar da ƙato kwana uku ko huɗu kamar an yi masa dukan kawo wuƙa. Kakanninmu sun ga mafi munin irinta, suka sa mata suna marisuwa. A watan Satumba na 1918 jirgin ruwa ya sauke ta a Ikko, kuma da yake 'yan shekaru kaɗan kafin nan aka gama shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa har Kano, sai ta bi wannan hanya da masu fatauci da sojojin da ke komowa daga yaƙi, ta watsu cikin garuruwa, har masu tarihi suka ƙiyasta ta kashe wajen rabin miliyan a Nijeriya, da kimanin miliyan 50 a duniya. Wadda ke zagayowa kowace shekara ba ta kai waccan ba, amma danginsu ɗaya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana sanadin mutuwar tsakanin mutum 290,000 da 650,000 a shekara ta hanyar cutar numfashi, galibinsu tsofaffi, da ƙananan yara, da waɗanda dama suna ɗauke da wata larura.

To, abin da ya kai matsayin yaƙini, wanda babu saɓani a kansa tsakanin masana, shi ne cewa kafso ba ya maganin mura. Ƙwayar da ke kawo ta bairas ce, alhali amoksisilin da ampikulos da ja-da-yalo da sauran danginsu an yi su ne domin bakteriya, saboda haka wanda ya sha su don mura ya warke, dama can zai warke, kuɗinsa kawai ya zubar, ya kuma koya wa ƙwayoyin da ke jikinsa jure wa maganin da wata rana zai bukace shi ruwa a jallo. Na san abin da za ku ce: in ban sayar masa ba, zai tsallaka titi maƙwabcina ya sayar masa. Haka ne, ban musa ba. Amma na ga masu shago da yawa a tsawon rayuwata, kuma waɗanda na ga unguwa ta riƙe su shekara talatin su ne waɗanda aka sani da iya cewa, "Baba, wannan ba ya bukatar kafso, ka sha farasitamol, ka yawaita ruwa, ka kwanta." In ya ƙara da shayin citta da kanumfari da zuma, ku bar shi, yana sanyaya maƙogwaro, sai dai kada a ba jaririn da bai shekara ba zuma. Kada kuma ku ba yaro mai mura asfirin, domin yakan jawo wata cuta, ko da yake ba ta da yawa, mai kumbura ƙwaƙwalwa ta lalata hanta. Maganin tari mai kodin kuwa, wanda gwamnati ta hana tun 2018 bayan da aka ga abin da ya yi wa samarinmu da matan aure, ba sai na ɓata tawada a kansa ba.

Wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda kowane zazzaɓi a ƙasar nan ya zama maleriya da taifot. Abin gwajin zazzaɓin cizon sauro yana nan, ɗigon jini ɗaya da minti goma sha biyar zuwa ashirin. In ya nuna babu, ga kuma tari da ciwon jiki, ga mutum uku a gida guda sun kwanta a mako guda, to, me ya kawo maganin maleriya a ciki?

Allurar riga-kafi ita ce inda na fi so mu daɗe, domin a nan ne ake yin kuskure ta fuska biyu, masu zuzutawa da masu kushewa. Dattawa irina suna da tabon lamba a dantse, kuma da wannan lamba aka kori agana daga doron ƙasa, har aka shelanta ƙarewarta a 1980. Saboda haka mutanenmu suka ɗauka duk abin da aka kira riga-kafi katanga ce da ba a tsallakewa. Ta mura ba haka take ba, dalili kuwa shi ne ƙwayar tana sauya kama daga shekara zuwa shekara, ta yadda jikin da ya gane ta bara ba lalle ya gane ta bana ba. Tun 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya take da ɗakunan bincike a ƙasashe da yawa masu tattara irin da ke yawo, kuma sau biyu a shekara, a Fabrairu domin ƙasashen arewacin duniya, a Satumba domin na kudanci, masana kan zauna su yi ijtihadi su zaɓi irin da suke zaton zai yi rinjaye, sa'an nan kamfanoni su shiga haɗawa, mafi yawa a cikin ƙwan kaji, aikin da kan ci watanni. Mai ijtihadi kuwa yakan dace, yakan kuma kuskure. A shekarar da aka dace, allurar takan rage haɗarin kwanciya da cutar da kimanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, a shekarar da ƙwayar ta zille kuwa fa'idar takan yi ƙasa da haka. Wannan shi ne zato mai rinjaye, kuma da shi ake gudanar da mafi yawan al'amuran duniya, har da na shari'a. Wanda aka ce masa za a rage masa rabin bashin da ake binsa ba zai ƙi ba don ba a yafe duka ba, musamman in shi tsoho ne, ko mai ciwon suga, ko mai fuka, ko mai ciwon zuciya, ko mai sikila, ko mace mai juna biyu, waɗanda mura kan zame musu ƙofar ciwon haƙarƙari.

In aka tambaye ku, ku faɗi wannan yadda yake. Ku ce sai an sabunta ta kowace shekara, ana yi wa yaro daga wata shida, tana ɗaukar kamar mako biyu kafin ta kama jiki, kuma allurar ba ta sa mura tun da ba rayayyar ƙwaya ce a cikinta ba, iyaka dantse ya yi tsami kwana ɗaya ko biyu. Ku kuma faɗi cewa ba ta cikin alluran da gwamnati ke yi wa yara kyauta a ƙasar nan, sai an neme ta a manyan asibitoci. Maniyyata aikin Hajji sun fi kowa cancantar wannan bayani, domin hukumomin lafiya na Saudiyya, bayan allurar sanƙarau da suka wajabta, suna kwaɗaitar da alhazai yin ta mura, kuma duk wanda ya taɓa taryar alhaji ya san tarin da ake dawowa da shi tare da dabino da zamzam. A yi ta da sauran lokaci, don ba a fafe gora ranar tafiya. Amma ku kanku kada ku ajiye ta, kada ku yi wa kowa: lasisinku bai ba ku ikon yin allura ba, kuma ruwan yana bukatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8 ba yankewa, abin da firjin da ke jiran wutar lantarkinmu ba zai iya lamuncewa ba.

Za ku gamu da masu tsoro, kuma ina roƙonku kada ku yi musu dariya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan 'ya'yansu a 1996 ba, kuma wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa ɗigon shan-inna a 2003, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Abin da ya komo da mutane shi ne bayanin malamai da sarakuna da haƙurin ma'aikata, har aka tabbatar da kawar da nau'inta na asali daga Nijeriya a 2020. Wanda kuma ya kawo muku hujjar ƙaddara, ku tuna masa da Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, lokacin da ya nufi Sham ya ji labarin annoba ta ɓulla a can, ya yi shawara da sahabbai ya juya da jama'arsa, ya kuma nuna wa mai yi masa inkari cewa juyawar ma ba ta fita daga cikin ƙaddarar Allah ba.

Saura takunkumi, wanda muka saba da shi a zamanin korona, kuma a nan dole in sassauta murya, domin hujjojin sun rabu. Cutar tana fita ne daga baki da hancin mai ita, cikin tari da atishawa da numfashi, tun kwana guda kafin ya san ya kamu har zuwa kwana biyar ko bakwai. Masana a Hong Kong sun auna numfashin marasa lafiya, suka buga sakamakon a 2020, suka ga takunkumin asibiti yana rage ƙwayar mura da ke fita cikin manyan ɗigo, amma bai nuna tasiri sosai a kan ƙananan da ke shawagi a iska ba. Ke nan sa shi a fuskar mai mura yana da dalili mai ƙarfi, ga shi kuma ladabi ne, kamar kare baki yayin atishawa. Amma ko yana kare mai lafiya da ke yawo cikin taro, wannan ya fi kusa da shakka. An jarraba shi a tantunan Mina a Hajjin 2013 zuwa 2015, a kan alhazai fiye da 7,000, aka raba wa wasu tantuna aka bar wasu, ba a ga bambanci bayyananne ba, sai dai kuma da yawa daga waɗanda aka ba ba su riƙa sawa ba. Masanan ƙungiyar Cochrane da suka tattara irin waɗannan gwaje-gwaje a 2023 su ma abin da suka tarar ke nan. A ɗaya gefen kuma, a shekarar 2020 da 2021, da aka haɗa takunkumi da rufe makarantu da tsayar da tafiye-tafiye, mura ta kusa ɓacewa a duniya, har wani reshe nata da ake kira Yamagata ba a sake tabbatar da ganinsa ba tun Maris na 2020, ko da yake ba mai iya ware rabon takunkumi daga rabon sauran matakan. Ni dai abin da na fahimta shi ne takunkumin da ke rataye a haɓa, ko wanda aka sa mako guda har ya yi baƙi, ba shi da hukuncin takunkumi. Wanda ya rufe hanci da baki ya zauna daram, musamman irin da ake kira N95, da babu gara shi, kuma ko ba komai yana tare ƙurar hunturu, abin da masu rawani suka gane tun tuni da amawali. Hukuncin sa shi cikin harami kuwa na bar wa malamai.

Akwai lokacin da aikinku duka shi ne ku ce a tafi asibiti yanzu: in numfashi ya yi wuya ko ya yi sauri, in haƙarƙarin yaro yana lotsawa, in ya ƙi nono ko ya yi jijjiga, in tsoho ya rikice, in zazzaɓi ya sauka kwana biyu sa'an nan ya komo da ƙarfi da kaki mai launi. Mai juna biyu da mai tsohuwar larura kada ku jira su kai haka, domin akwai maganin da ake kira Tamiflu wanda likita ke rubutawa, kuma amfaninsa ya fi yawa in an fara shi cikin kwana biyun farko.

Daga ƙarshe, ku dubi kanku. Shagon mafi yawanku bai fi taku huɗu ba, taga ɗaya ko babu, kuma tun safe har dare masu tari ne ke tsaye a gabanku suna miƙo kuɗin da suka riƙe da hannun da suka share hanci. Ku bar ƙofa a buɗe iska ta ratsa, ku ajiye buta da sabulu, ku ajiye kwalin takunkumi kusa da hannu domin ku miƙa wa mai tari kafin ya fara bayani, in kuma ku ne kuka kamu, ku bar wa yaron shago mabuɗi kwana uku.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin asibiti.