Neman Matanin da Ya Ɓace a Ilimin Zanen Lantarki

Duk ɗalibin injiniyan lantarki da ya taɓa rubuta bayanin da'ira da hannunsa domin ya miƙa wa manhajar SPICE, ko ɗaya daga cikin zuriyarta, ya san wata ƙa'ida wadda malamai kan faɗa ba tare da dogon sharhi ba, wato layin farko take ne kawai, manhajar ba ta lissafa abin da ke cikinsa, har ma wanda ya yi gaggawa ya ajiye tiransista ko rezista a wannan layi zai tarar na'urar ta tsallake shi kamar bai rubuta kome ba. Asalin wannan ƙa'ida yana komawa ne ga zamanin da ake huda katuna, kowane kati layi guda mai gurabe 80, a jera su dami guda, a ɗora katin suna a sama domin a gane mai aikin, sannan a kai wa babbar kwamfutar jami'a. Katunan sun shuɗe, kwamfutar da ke karanta su ta shuɗe, amma hukuncinsu yana nan a kan ɗalibin da ke zaune a Zariya ko Yamai a yau. Wannan ne ya sa na ga ya dace rubutun nan ya tsaya a kan mutanen da suka duƙufa wajen neman tsofaffin manhajojin zanen lantarki da suka salwanta, domin a ganina aikinsu tahƙiƙi ne irin na malamai, ko da yake wasu na ɗaukarsa sha'awar tara tarkace.

Labarin SPICE sananne ne ga ahlinsa. A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wajen shekarar 1969 zuwa 1970, wani malami mai suna Ronald Rohrer ya ɗora wa ɗalibansa aikin rubuta manhajar da za ta ƙididdige yadda wuta ke gudana cikin da'ira tun kafin a haɗa ta, suka raɗa mata suna CANCER, kalmar da ke nufin ciwon daji, alhali taƙaitawa ce ta jumlar da ƙarshenta ke cewa ban da lissafin tururin nukiliya, abin da ya bambanta ta da manhajojin da ake yi domin buƙatun soja a wancan lokaci. Da Rohrer ya bar jami'ar, ɗalibinsa Laurence Nagel ya koma ƙarƙashin Shaihun Malami Donald Pederson, shi kuwa ya gindaya sharaɗin a sake rubuta ta har ta fita daga mallakar kowa, a bai wa duk mai so. Haka aka gabatar da SPICE a Waterloo ta ƙasar Kanada a 1973, SPICE2 ta biyo baya a 1975 cikin harshen Fortran, daga bisani Thomas Quarles ya rubuta SPICE3 cikin harshen C.

Sharaɗin nan na Pederson, wanda ni dai ban sami kalmar da ta fi dacewa da shi ba irin waƙafi, shi ne dalilin da ya sa mai neman matanin SPICE2 a yau zai same shi ba tare da wahala mai yawa ba, saboda an kwafe shi a jami'o'i da kamfanoni ba adadi, in kwafi ɗaya ya lalace wani na nan. Mu da muka gaji al'adar rubutun hannu mun san wannan sirri tun da daɗewa: littafin da ɗalibai suka yi ta kwafa daga zaure zuwa zaure ya fi tsira daga gara da gobara a kan wanda mai shi ya kulle a gafaka yana rowarsa.

Amma SPICE ba ita ce farau ba, kuma a nan wahalar mai bincike take. Kafin ta akwai ECAP ta kamfanin IBM, akwai SCEPTRE da NET-1 da wasunsu, bayanta kuma aka yi ɗimbin manhajojin kasuwa waɗanda kamfanoni suka riƙe matanin rubutunsu a asirce, suka sayar da abin da aka riga aka juya zuwa harshen na'ura kaɗai, wani lokaci ma tare da ɗan mabuɗin da ake sokawa a bayan kwamfuta, wanda in babu shi manhajar ba ta buɗewa. Kamfani ya saye kamfani, ma'aikata sun watse, akwatunan tef sun tafi bola ranar da aka tashi daga ofis. Sau da yawa abin da ke saura shi ne littafin koyar da amfani da manhajar, wato sharhi ya tsira matani ya ɓace, mai bincike ya zama kamar wanda ya tsinci hashiya ba tare da littafin da take bayani a kansa ba. In ma Allah ya sa aka dace da tef ɗin a gidan wani tsohon injiniya, to aiki bai ƙare ba, domin maganin da ke riƙe sinadarin tef yana shan danshi ya yi danƙo, har sai an gasa shi da ɗumi kaɗan na tsawon sa'o'i kafin a karanta, sannan a nemi na'urar karanta shi, sannan a ƙera kwaikwayon tsohuwar kwamfutar da aka rubuta manhajar dominta.

Za a ce, mene ne amfanin wannan wahala alhali manhajojin yau sun fi na da ƙarfi nesa ba kusa ba? Amsata ita ce ilimi ba ya tsayuwa sai da isnadi. Injiniyan da ke dogara da sakamakon na'ura yana karɓar riwaya ne daga mutanen da bai gani ba, kuma hanyoyin lissafin da suka zaɓa, da kusantarwar da suka yarda da ita saboda ƙarancin ƙwaƙwalwar kwamfutar zamaninsu, duk sun gangaro cikin manhajojin da ake aiki da su yanzu. Wanda ya ga matanin farko shi ne zai iya rarrabe abin da ɗabi'ar lantarki ta wajabta daga abin da lalurar wancan zamani ta tilasta. Bayan haka akwai na'urorin masana'antu da na asibitoci da har yanzu suke aiki, waɗanda zanensu ke ajiye cikin fayilolin da manhajar da ta rubuta su kaɗai ke iya buɗewa.

Akwai masu himma a kan wannan. Gidan Tarihin Kwamfuta da ke Mountain View a Amurka yana tattara matanai da na'urori, taskar Bitsavers wadda Al Kossow ke kula da ita ta adana hotunan littattafan bayani masu yawan gaske, cibiyar Inria ta Faransa kuma ta buɗe Software Heritage a 2016 domin taskace matanin manhajoji, har ta ƙulla yarjejeniya da UNESCO a 2017. Sai dai waɗannan duka ba sa iya adana abin da masu shi ba su saki ba. Shi ya sa nake yaba wa kamfanin Spectrum Software, wanda da ya rufe a 2019 ya saki manhajarsa Micro-Cap kyauta ba tare da mabuɗi ba, bayan ta shafe shekaru tun daga 1982 ana sayar da ita, kuma mutane suka yi ta kwafarta suna ajiyewa tun daga wannan lokaci.