Matakalar Yotsuya Tana da Masu Ita

A unguwar Yotsuya da ke birnin Tokyo akwai wata matakala mai jan ƙarfen dafawa, wadda ke hawa zuwa wurin bauta na Suga. Ba ta da wani abin a zo a gani. Amma tun 2016, shekarar da fim ɗin zane na Makoto Shinkai mai suna Your Name ya fito, baƙi daga ƙasashe daban-daban ke jerin gwano a kanta da wayoyinsu, domin a nan ne taurarin labarin biyu suka haɗu a ƙarshen fim.

Japanawa suna kiran wannan al'ada seichi junrei, wato ziyarar wurare masu tsarki, sunan da aka aro daga addini. Tushenta yana cikin yadda ake yin fina-finan zanen da ake kira anime. Sau da yawa masu zane sukan fita su ɗauki hotunan tituna na gaske, sa'an nan su kwaikwaye su dalla-dalla, har da wayoyin lantarki da allunan shaguna da injinan sayar da lemo na bakin hanya. Labarin yana iya zama na almara, amma titin da ya faru a kai yana nan. A 2016 har ƙungiya aka kafa don bunƙasa irin wannan yawon buɗe ido, takan fitar da jerin wurare 88, adadin ɗakunan ibadar Buda da masu ziyara ke zagayawa a tsibirin Shikoku.

Masu ganin abin a matsayin shiririta sun yi gaggawar yanke hukunci. Mai zane ya ɓata kwanaki yana nazarin yadda hasken la'asar ke sauka a kan wani lungu da mazaunansa suka daina kallo, kuma wanda ya biyo sawunsa yana koyon irin wannan kallon ne. Da wuya a sami wani nau'in yawon buɗe ido da ke kai mutum tashar jirgin ƙasa ta ƙaramin gari don kawai ya tsaya ya dube ta.

Sai dai lungun nan gidan wasu ne, kuma a nan gizo ke saƙa. A garin Kamakura akwai mahadar titi da layin dogo a bakin teku, wadda ta fito a buɗewar Slam Dunk, shirin ƙwallon kwando da aka fara nunawa a 1993. Masu neman hoto sukan tsaya a tsakiyar hanya, su tare motoci, su zubar da shara, wasu ma su kutsa harabar gidajen mutane, har sai da hukumar garin ta ajiye masu gadi. Irin wannan baƙo ya ɗauki unguwa tamkar dandalin shirya fim, mazaunanta kuwa cikas ne da ke ɓata masa hoto. Ya rasa ainihin abin da mai zanen ya gani, wato wurin da mutane ke rayuwa a ciki.

Washinomiya, a lardin Saitama, ta nuna cewa ba dole abin ya kasance haka ba. Da shirin Lucky Star ya fito a 2007, masoyansa suka yi wa tsohon wurin bautar garin tsinke. 'Yan kasuwa ba su kore su ba, suka jawo su a jiki, har ta kai baƙin suna ɗaukar nasu ƙaramin ɗakin bauta na kafaɗa, mai ɗauke da zanen shirin, a bikin garin na shekara-shekara. Sun dawo sau da yawa, an san fuskokinsu, shi ya sa aka ba su gurbi.

Nauyin bai tsaya kan baƙi kaɗai ba. Kamfanin da ya zana titin mutane ya ci riba da shi, ya kamata ya tuntuɓi garin kafin cunkoso ya iso, garin kuma ya gindaya sharuɗɗansa da wuri. Ɗakin karatu na birnin Hida, wanda shi ma ya fito a Your Name, ya yi hakan cikin sauƙi: mai son ɗaukar hoto ya fara neman izini a teburin ma'aikata, kuma kada fuskar masu karatu ta fito a ciki.