GARIN NEMAN GIRA: WA KE RIƘE DA MAKULLIN NA'URORINMU?

'Yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu kama aikin gwamnati, muna roƙon ku ba mu aron hankalinku kan wata magana da za ku iya ɗauka ta masu gyaran kwamfuta ce kaɗai, alhali kuwa ta shafi kowane ɗayanmu da ya taɓa ajiye guminsa a cikin na'ura.

A hutun da ya wuce, wani abokin karatunmu mazaunin Unguwar Sanusi a Kaduna ya zauna rubuta babi na huɗu na kundin digirinsa. Kwamfutarsa ta hannu ce, irin waɗanda Turai ta gama cin moriyarsu ta turo mana, mahaifinsa kuma sai da ya shiga adashi kafin ya saya masa ita. Shekara biyu tana aiki ba ta taɓa yi masa gardama ba. Ran nan da dare ya jona ta da intanet, sai ta sanar da shi cewa tana sabunta kanta, kada ya kashe ta. Bai nema ba, ba a kuma shawarce shi ba. Tun daga wannan dare, da ta yi minti ashirin tana aiki sai ta ɗauke ɗif kamar an hure fitila. Ya nemo tsohon zubin manhajar a shafin kamfanin don ya mayar da ita yadda take jiya, na'urar ta ƙi karɓa, ta ce ba a komawa baya. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, in ji Hausawa, amma sai a yi dubu ba a fito ba.

Ya kamata mu fayyace abin da ya lalace, don kada a ce muna kuka ba mu san inda aka mare mu ba. A cikin kowace kwamfuta akwai wata 'yar ƙwaya manne a jikin bod, ba ta kai farcen yatsa ba, a cikinta aka rubuta manhajar tushe, wadda masu gyara ke kira BIOS. Ita ce ke farkawa kafin komai idan an danna makunni. Tana da hannu a yadda fanka ke juyawa, da yadda ake auna zafi, da yadda na'ura ke shan wuta daga batir, da yadda take kashe kanta idan ta ji alamar haɗari. In aka yi kuskure a rubutun da ke cikin wannan ƙwaya, to, ko an goge Windows an sake zuba sabuwa, ciwon yana nan, domin yana ƙarƙashin Windows ɗin ne. A da, sai mutum ya tashi takanas ya nemo sabon zubi ya sa da hannunsa. Yanzu kuwa kamfanoni da yawa suna cusa shi cikin jerin sabuntawar da ke sauka da kanta, sai dai mai kaya ya wayi gari ya tarar an yi masa gyaran gangar auzinawa.

Wani zai ce ai wannan tsautsayin mutum ɗaya ne. To, bari mu tuna masa. A farkon watan Janairu na 2018 aka bayyana wa duniya wasu ɓaraka guda biyu a cikin ƙwaƙwalwar kwamfutoci, waɗanda aka raɗa wa suna Spectre da Meltdown. Kamfanin Intel ya gaggauta fitar da gyara, masu ƙera kwamfuta suka zuba shi cikin sabon BIOS suka rarraba. Ba a jima ba na'urori suka fara mutuwa suna tashi da kansu. Ran 22 ga watan, Intel da bakinsa ya ce a dakata, kada kowa ya ƙara sa wannan gyara. Dell da HP suka janye nasu, Microsoft kuma ya fitar da wani gyaran gaggawa wanda aikinsa kawai shi ne kashe gyaran farko. Ashe su ma manyan sun san da tsohuwar zuma ake magani, idan wuta ta kama gemunsu.

Ran Juma'a 19 ga Yuli na 2024 kuma, da misalin ƙarfe biyar na asuba agogon Nijeriya, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike da ke Amurka ya tura wani ɗan ƙaramin fayil ga abokan cinikinsa a duk faɗin duniya, gaba ɗaya, lokaci guda. Cikin minti 78 ya gane kuskurensa ya janye fayil ɗin, amma aikin gama ya gama. Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 ne suka sume. Asibitoci suka ɗage tiyata, bankuna suka tsaya, kamfanin jiragen sama na Delta shi kaɗai ya soke tashin jirage wajen 7,000. Abin lura a nan shi ne, sau da yawa na'urar da ta riga ta sume ba ta iya karɓar magani ta intanet, sai da ma'aikata suka bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu suna goge fayil ɗin. Bayan ɓarna ta auku ne kamfanin ya yi alkawarin zai riƙa sakin gyara kaɗan-kaɗan, ya kuma bar wa abokin ciniki zaɓin lokacin karɓa. Wannan dabara kuwa duk tsohuwar da ke dafa tuwon biki ta san ta: ana ɗanɗana miya a bakin ludayi kafin a zuba wa baƙi.

Kada kuma mu yi zaton ciwon na ƙetare ne kaɗai. Ran 14 ga Mayu na 2025 magatakardan hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya tsaya gaban 'yan jarida da hawaye a idonsa ya amsa cewa an samu kuskure a jarrabawar shiga jami'a ta wannan shekara. Gyaran da aka yi wa manhajar jarrabawa bai isa wasu na'urori ba, sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas ya gurɓace, sai da aka sake musu jarrabawa. Mun yaba masa da ya fito ya ɗauki laifi, abin da ba mu saba gani daga manya ba. Amma ƙannenmu nawa ne suka kwana suna kuka, iyaye suna zarginsu da wasa da karatu, kafin gaskiya ta fito?

Mun san hujjar da za a kawo mana, kuma ba za mu yi mata riƙon sakainar kashi ba. Za a ce sabuntawa rigakafi ce, wanda ya ƙi ta ya bar ƙofarsa a buɗe ga ɓarayi. Gaskiya ne. A watan Mayu na 2017 ƙwayar cutar kwamfuta ta WannaCry ta durƙusar da asibitoci da dama a Ingila, alhali Microsoft ya fitar da maganinta tun watan Maris, waɗanda abin ya ci ba su sa ba ne. Za a kuma ce an toshe hanyar komawa tsohon zubi ne don kada mugu ya mayar da na'ura kan zubin da ke da ɓaraka ya shiga ta nan. Wannan ma akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Amma fa wa ya kamata ya auna tsakanin haɗarin ɓarawon da bai zo ba tukuna da asarar kundin da za a miƙa ran Litinin? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wane irin maƙeri ne zai sayar maka da kwado, ya riƙe makulli a aljihunsa, ya shigo ɗakinka da tsakar dare ya canja maka ƙofa, sa'an nan idan sabuwar ta ƙi buɗuwa ya ce tsohuwar ba ta halatta gare ka ba, don lafiyarka?

Kuma ba kullum ne lafiyar tamu ke gabansu ba. A watan Satumba na 2016 wasu injinan buga takarda na HP suka wayi gari suna ƙin karɓar tawadar da ba ta kamfanin ba, saboda wani umarni da aka ɓoye cikin sabuntawar da ta gabata. Sai da jama'a suka yi ca kafin kamfanin ya ba da hanyar cire shi. A ƙarshen 2017 Apple ya amsa cewa yana rage wa tsofaffin wayoyin iPhone gudu ta hanyar sabuntawa, wai don kada su riƙa mutuwa ba zato saboda raunin batir. A watan Fabrairu na 2020 hukumar kare masu sayayya ta Faransa ta ci shi tarar Yuro miliyan 25, domin bai sanar da mutane ba, ga shi kuma ba su da hanyar komawa tsohon zubi. Bafaranshe yana da hukumar da za ta bi masa kadi. Shi kuwa ɗan Unguwar Sanusi da ya sayi tasa a hannu na uku, ba rasit, ba garanti, wa zai kai wa kuka?

A nan ne maganar ta fi yi mana ciwo. Waɗanda ke rubuta wannan gyara suna gwada shi ne a kan sababbin na'urori, a ɗakuna masu sanyi, inda wuta ba ta ƙiftawa. Ba su san zafin watan Afrilu a Kaduna ba, ba su san ƙurar hunturu da ke toshe fanka ba, ba su san batirin da ya mutu tun kafin ya sauka a Apapa ba. Ana cikin rubuta sabon BIOS idan wuta ta ɗauke, batir kuma ba ya riƙe caji, sau da yawa na'urar ta zama dutse ke nan. Mu kuwa mutanen da a watan Oktoba na 2024 muka yi fiye da mako guda cikin duhu a yawancin jihohin Arewa, mu ne ake ce wa "kada ka kashe na'urarka". Sai ka ce mu ke kashe ta!

Iyayenmu sun ga zamanin da aka fara haɗa Fijo a Kakuri a 1975. Motar ta Faransa ce, ba mu musa ba, ribar ma can ta tafi. Amma ranar da ka biya kuɗinta ta zama taka. Bakanike a bakin titi zai kwance kafireto ya wanke ya mayar, in sabon kayan gyara bai yi ba ya mayar da tsohon, ba wanda zai aiko daga Faris ya hana shi. Ku shiga tsohuwar Panteka ku ga abin da hannun talaka ke ƙerawa daga ƙarfen da aka zubar. Wannan basira ce ake ɗaure wa hannu a yau, ba da sarƙa ba, da 'yan layukan rubutu waɗanda ba a yarda mu karanta ba. Turawan mulki sun sauke tutarsu a 1960, amma ga shi mun sayi kaya da kuɗinmu muna zaune a cikinsu kamar 'yan haya. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Laifin kuma ba na baƙi ne kaɗai ba, mu 'yan boko muna da namu kason. Mun ɗauki kalmar "sabo" tamkar ita ce "nagari". Babban jami'i zai sa hannu a kwangilar kwamfuta ɗari biyu bai tambayi ɗan kwangila ko akwai hanyar komawa baya idan gyara ya ɓaci ba, domin hankalinsa na kan wani lissafin dabam. Ƙaramin ma'aikaci kuma, wanda shi zai kwana a ofis idan takardar albashi ta maƙale, ba a tambayarsa. A azuzuwanmu ana koya mana tarihin kwamfuta tun daga kan Babbage, muna haddacewa muna zubarwa a takardar jarrabawa, amma ɗalibi zai gama shekara huɗu bai taɓa buɗe bayan na'ura ya ga ƙwayar da muke magana a kai ba. Wanda ya iya wannan aiki, yaron shago ne da muke yi wa kallon bai yi karatu ba.

Shi ne kuwa ya fitar da abokinmu kunya. Wani mai gyara a wajen Tudun Wada ya kwance kwamfutar, ya maƙala wa ƙwayar wani ɗan matsefi mai waya, ya fara kwafe abin da ke ciki ya ajiye, sa'an nan ya rubuta mata tsohon zubi kai tsaye, ba tare da neman izinin kowa ba. Da abokinmu ya ce, "Malam, ba za ta sake ɗauko wancan ba?", sai ya shiga saitin BIOS ya kashe hanyar da gyaran ke bi ya sauko da kansa, ya ce, "Ƙanena, duk ranar da za ka sa sabo, bari waɗansu su riga ka da wata guda, ka ji labarinsu tukuna." Kwana tara aka yi asara da kuɗin abincin wata guda, babi na huɗu kuma sai da aka sake rabinsa, don bai ajiye kwafi a wani wuri ba. Wannan kam sakacinsa ne, mun kuma gaya masa.

Saboda haka muna kira ga Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayayya ta Tarayya, watau FCCPC, wadda ta nuna tana da haƙora lokacin da ta ci kamfanin Meta tarar Dala miliyan 220 a watan Yuli na 2024, da ta juyo ta dubi wannan fanni. Duk kamfanin da ke sayar da na'ura a ƙasar nan a wajabta masa neman yardar mai kaya kafin ya taɓa manhajar tushe, da barin tsohon zubi inda kowa zai same shi, da buɗe hanyar komawa ga wanda na'urar ke hannunsa. Tarayyar Turai ta kafa dokar haƙƙin gyara a 2024, ba mu ga abin da ya sa mu da muka fi su dogara da gyara za mu zauna ba mu da tamu ba. Hukumar NITDA kuma ta sa wannan sharaɗi cikin ƙa'idojin sayen kayan gwamnati.

Ku kuma yayyenmu da ke ofisoshi, ba sai kun jira doka ba. Ku ware na'ura ɗaya ko biyu ku fara gwada kowane gyara a kansu, ku ba shi mako biyu kafin ya shiga sauran. Kada a sabunta komai a makon biyan albashi ko makon jarrabawa. Ku ajiye tsohon zubi a filas cikin durowa, ku rubuta lambarsa a jiki. Mu kuma a zaman majalisar ɗalibai mai zuwa za mu gabatar da ƙudurin a ware wani abu daga kuɗin ƙungiya a gayyato masu gyara biyu daga kasuwa, a biya su ladansu kamar yadda ake biyan kowane malami mai ziyara, su koya mana wannan aiki a ranakun Asabar kafin a shiga zangon rubuta kundi.