A Ji Ta Bakin Ma'aikaci Kafin A Sallame Shi

Har yanzu akwai wata tsohuwar fahimta da ba ta gushe ba a sakatariyoyin ƙananan hukumomi, wai wanda ya ke biyan albashi shi ke da ikon kora duk ranar da ya ga dama. Wannan fahimta gadon zamanin En'e ce, sojoji kuma suka ƙara mata ƙarfi. A 1975 Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami dubban ma'aikata ta hanyar sanarwa kawai, sa'an nan Doka ta 17 ta 1984 ta hana kotuna sauraron ƙarar wanda aka kora a ƙarƙashinta. Wancan zamani ya wuce, amma ɗabi'arsa ta rage.

Maganar ta fi nauyi a Batsari da Safana, ƙananan hukumomi biyu da ke bakin dajin Rugu, inda 'yan bindiga suka shafe shekaru suna tayar da ƙauyuka. A ɗauka an tura malamin gona ko mai karɓar harajin kasuwa wani ƙauye da mazaunansa ma suka yi ƙaura, aka neme shi a bakin aiki ba a gan shi ba. Bisa ƙa'ida, rashin zuwa aiki ba izini babban laifi ne. To, amma wa zai rarrabe tsakanin malalacin da ya fake da rashin tsaro da bawan Allah da ya tsere da ransa? Babu hanya sai a ba shi takardar tuhuma, a ba shi lokaci ya amsa, a zaunar da kwamiti ya saurare shi. Shugaban ƙaramar hukuma ba ya da ikon tsallake wannan, balle ga ma'aikacin da ke mataki na 07 zuwa sama, wanda horonsa ke hannun Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ta Jiha.

In aka tsallake, nan kotu ke shigowa, kuma nan ne mutane da yawa ke rashin fahimtarta. Alƙali ba ya zama don ya ce ma'aikaci nagari ne ko mugu. Tambayoyinsa kaɗan ne: wanda ya yanke hukuncin yana da hurumi? An bi matakan da doka ta shimfiɗa? An ji ta bakin wanda a ke zargi, kamar yadda sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta? A 1981 Kotun Ƙoli ta tilasta wa Hukumar Ma'aikatan Tarayya ta mai da Shitta-Bey bakin aikinsa, ta nuna cewa wanda doka ta kafa aikinsa ba a korarsa don son rai. A 1989 ta sake jaddada haka a shari'ar Laoye. Ɗalibai kuwa su tuna shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri ta 1986, inda aka soke korar ɗalibai, ɗaya daga cikin dalilan shi ne shugaban kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta yi wa ɓarna. Mutum ba ya zama alƙali a kan ƙararsa.

Wasu manya na ganin wannan a matsayin raini ga hukuma. Sun manta cewa korar da kotu ta soke tamkar ba a yi ta ba ce: ma'aikaci zai koma kujerarsa, a biya shi albashin duk shekarun da ya yi a gida, daga baitulmalin da ya kamata ya haƙa rijiya. Abin takaici ma, mai laifi na gaske kan kuɓuta ta wannan ƙofa, don kawai wani ya ƙi haƙurin mako biyu.

Shi ma ma'aikaci da nasa nauyin. Tun bayan gyaran Tsarin Mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin irin wannan ƙara, kuma wa'adin neman ta duba hukunci gajere ne, galibi wata uku. Wanda ya ɓata watannin yana bin gidajen 'yan siyasa neman alfarma zai iya isa kotu ya tarar an rufe ƙofa. Ya adana takardar ɗaukarsa aiki, da ta tuhuma, da kwafin amsar da ya bayar mai ɗauke da hatimin ranar da aka karɓa, domin su ne lauya zai fara tambaya.