Ɗaki Ma Yana Bukatar Numfashi

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Nyanya ta ratsa Karu da Jikwoyi zuwa Karshi, zai ga yadda Orozo ta cika ta batse. Tun da aka mai da hedkwatar ƙasa Abuja a Disamba 1991, tsadar haya take koro ƙananan ma'aikata zuwa garuruwan gefe irin wannan. Masu filaye kuwa sai jera ɗakunan bulo suke yi, bango manne da bango, kowanne da taga ɗaya tak, ita ma da magariba ta yi a rufe ta saboda sauro da ɓarayi.

Toshe ɗaki irin wannan, Turawa sun ɗanɗani kuɗarsa. Bayan tashin farashin mai na 1973, mutanen ƙasashen sanyi kamar Kanada da Jamus suka liƙe kowace kafa ta gidajensu don kada ɗumi ya tsere, sai danshi da gurɓatacciyar iska suka zaune musu a ɗaka. Maganin da suka samo shi ne wata na'ura mai bututu biyu. Ɗaya yana fitar da tsohuwar iska, ɗaya yana shigo da sabuwa, su gifta juna a cikin wani akwati ba tare da sun gauraya ba, mai fita ta bar wa mai shiga yawancin ɗuminta. A ƙasar zafi kuwa, sanyin iyakwandishan take tattalawa.

To, amma zama da ita sai da hidima. Dare da rana take aiki, kuma wajibi ne a riƙa share rariyarta a kai a kai. A Orozo, inda wutar lantarki ba ta da tabbas, ƙurar hunturu kuma ba ta raga wa rariya, na'urar ba ta talaka ba ce. Ga ɗaki a toshe, ga janareta a bakin ƙofa, hayaƙinsa ɗauke da wata guba marar launi marar wari, wadda kan kashe iyali suna barci. Sanƙarau da tarin fuka ma cunkoso da rashin iska suke so. Annobar sanƙarau ta 1996 ta halaka dubban mutane a Arewa.

Dabarar da ta dace da Orozo ba ta cin lantarki. A yi wa kowane ɗaki taga biyu masu kallon juna, a sa musu ragar sauro da ƙarfe, yadda za su kwana a buɗe. A bar ƙananan kafofi can sama kusa da rufi, domin iska mai zafi sama take hawa. Janareta ya zauna a fili nesa da taga, gawayi kuma kada ya kwana a ɗaki.

Ya kamata hukumomin da ke amincewa da zanen gini su lura da wannan, mai neman haya kuma ya ƙidaya tagogi kafin ya ƙidaya kuɗi. Kuɗin taga guda bai kai na jinyar mako ɗaya ba, rigakafi kuwa ya fi magani.