Ghana: An ce kowa ya yi lambu a gida, amma ina filin yake a Nima da Maamobi?

Tun da Shugaba John Dramani Mahama ya ƙaddamar da shirin noma na Feed Ghana a garin Techiman cikin watan Afrilun 2025, kiran da ake yi wa iyalai su shuka kayan miya a gidajensu ya sake dawowa. Dattawa sun san wannan kira. A 1972 gwamnatin soja ta Kanar Ignatius Kutu Acheampong ta fito da Operation Feed Yourself, wato shirin "ciyar da kanka", har ma'aikatan ofis da 'yan makaranta suka ɗauki fartanya. A 2017 kuma gwamnatin Nana Akufo-Addo ta zo da nata shirin, Planting for Food and Jobs.

Dalilin kiran ba ɓoyayye ba ne. A watan Disambar 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, kuma tukunyar miya ce ta fara jin jiki. Tumatir da yawa daga Burkina Faso yake shigowa, albasa kuma daga Nijar, musamman 'yar Galmi. Da sojoji suka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta rufe iyakoki, motocin albasa suka maƙale a kan hanya, farashi ya tashi a kasuwannin Accra. Gwamnatin da ta ga haka dole ta so mutanenta su rage dogaro da kayan waje.

Sai dai wanda ya tsara kiran, da alama gidan ƙauye yake hange. A karkarar Maraɗi ko Katsina ko Bawku, ruwan farko na sauka uwar gida za ta watsa irin kuɓewa da yakuwa a gefen danga, kabewa ta hau rumbu, zogale na tsaye a kusurwa, ba wanda ya jira umarnin gwamnati. A Nima ba haka abin yake ba. Unguwar da Malam Futa ya kafa a farkon shekarun 1930 a matsayin zangon masu shanu a bayan gari, yau tana cikin wuraren da suka fi cunkoso a Accra. Gidan haya ɗaya yakan ɗauki iyalai da dama, kowa da ɗakinsa, tsakar gidan kuma an dafe ta da siminti: nan ake girki, nan ake wanki, nan ake shanya, nan ake taron suna. Wasu lungunan mutum biyu ba sa iya gittawa sai ɗaya ya karkace. Maamobi ma kusan haka take.

Duk da haka ana shuka. Mai yawo a unguwannin zai ga barkono a tsohon bokiti, ɗoɗɗoya a gwangwani, ganyen aloe a bakin taga, wani lokaci fure a cikin tayar mota. Irin wannan shuka tana da amfaninta, ba abin rainawa ba ce, amma ba ta kai ta cika tukunyar gidan da ke da baki goma ba. Ga awaki da kaji, ga ruwan famfo da ba kullum yake zuwa ba, wanda wasu gidajen ma saye suke yi bokiti-bokiti. Accra kuwa, ko da yake a bakin teku take, ruwan samanta na shekara bai cika wuce milimita 800 ba, kusan daidai da na Kano. Bambancin shi ne nata kashi biyu yake zuwa: babbar damina daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba.

Lambun zango na gaskiya yana wajen gida. Tafiya kaɗan daga Maamobi, a Dzorwulu da Roman Ridge, ƙarƙashin manyan wayoyin wutar lantarki da gefen layin dogo da bakin rafin Onyasia, akwai fangaloli jere na latas da kabeji da albasa mai lawashi da tattasai, tare da alayyafo da ayoyo, wanda a ƙasar Hausa aka fi sani da lalo. Akwai irinsu a Korle Bu da wasu filayen hukuma. Binciken da cibiyar kula da ruwa ta duniya IWMI ta wallafa a 2006, ta kuma sabunta a 2014, ya ƙiyasta masu wannan sana'a a Accra da mutum 800 zuwa 1,000. Galibinsu maza ne, da yawa kuma 'yan ci-rani daga arewacin Ghana da ƙasashen Sahel, irin mutanen da zango ya saba saukewa. Latas kan isa cira cikin kimanin wata guda bayan dashe, don haka fangali ɗaya yakan ba da amfani sau da dama a shekara. Mata 'yan kasuwa ne ke zuwa da sassafe su saye fangalin sukutum, su wanke, su kai kasuwa.

Daga nan ganyen yake shiga kwanon kowa. Mai sayar da waakye, wato shinkafa da waken da sunansa ma daga Hausa ya fito, ba ta rasa yankakken latas ko kabeji a gefe. Tuwon zafi kuma da miyar ayoyo yake tafiya. Binciken na IWMI ya ce kimanin mutum 200,000 ne a Accra ke cin ɗanyen ganye irin wannan a kowace rana, mafi yawa a abincin bakin titi. Latas ba ya jure doguwar tafiya a motar da ba ta da sanyi, shi ya sa ba za a iya cewa a mayar da nomansa ƙauye a huta ba.

Waɗannan manoma matsala biyu ce ke cin su, kuma babu wadda kiran lambun gida ya taɓa. Ta farko fili. Kusan babu mai takarda a cikinsu. Ƙasar ta hukumomi ce ko ta masu gari, an bar su ne kawai saboda suna hana wurin zama daji ko juji. Ranar da mai gini ya zo, lambu ya ƙare. Manomin da bai san ko zai kai baɗi a wuri ba kuwa ba zai haƙa rijiya ko ya dasa itace ba, sai ya tsaya ga abin da zai cira cikin makonni.

Ta biyu ruwa, kuma a nan ne lafiyar jama'a ta shigo. Rafukan Accra sun daɗe da zama magudanar ruwan datti, daga cikinsu kuma ake ɗiba da butar ban ruwa a zuba kan ganye. Dokar ƙaramar hukumar Accra ta 1995 ta hana ban ruwan shuka da ruwan kwata, amma hani ne da bai zo da madadi ba, saboda haka ba ta yi wani tasiri ba. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya salo, ta ba da shawarar a rage haɗarin mataki-mataki maimakon jiran ranar da za a tace dukkan ruwan gari. Matakan ba masu tsada ba ne: a tara ruwa a ɗan kududdufi dattin ya kwanta kafin a ɗiba, a sauke butar kusa da ƙasa don kada laka ta fantsama kan ganye, a daina ban ruwa kwanaki kaɗan kafin cira, a bar kashin kaji ya ruɓe sosai kafin a zuba. A kicin kuma a cire ɓawon kabeji na waje, a wanke latas da ruwa mai gudana ko a jiƙa shi a ruwan binega. Ɗan gishirin da aka saba barbaɗawa a ruwan wanki, gwaje-gwaje sun nuna ba ya kashe ƙwayoyin cuta yadda ake zato.

Damina tana sauƙaƙa ban ruwa, amma tana zuwa da nata. Idan aka yi mamako, kwatoci kan yi ambaliya su shafe fangalolin da ke bakinsu. Babbar kwatar Nima a rafin Odaw take zubewa, kuma mutanen gari ba su manta da daren 3 ga Yunin 2015 ba, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai a Kwame Nkrumah Circle suka hallaka fiye da mutum 150. Bayan haka ne Bankin Duniya ya amince a 2019 da dala miliyan 200 don aikin GARID na gyaran magudanan Odaw, kuma Nima na cikin unguwannin da aka zaɓa don ingantawa. Aiki ne da ake buƙata. Abin lura kawai shi ne, duk inda aka faɗaɗa kwata aka zuba kankare, bakin rafin da wani ke nomawa ne yake tafiya, kuma wanda ba shi da takarda ba kasafai ake lissafa shi cikin masu asara ba.

Kayan aiki kuwa akwai su a hannun hukuma. Majalisa ta kafa Asusun Raya Zango da doka a 2017. A 2018 aka ware Ayawaso ta Gabas, inda Nima take, da Ayawaso ta Arewa, inda Maamobi take, kowacce da majalisarta. Waɗannan za su iya zama da masu filayen da ke ƙarƙashin wayoyin wuta, inda dama doka ta hana gini, su samar wa ƙungiyoyin 'yan lambu izinin shekara biyar ko goma a rubuce, tare da rijiyoyin burtsatse. Ga iyalan cikin unguwa kuma, harabar makarantu da masallatai da rufin benaye sun fi tsakar gida fili. A can buhu cike da ƙasa da tankin tarar ruwan sama za su iya ba da ayoyo da alayyafo da yakuwa cikin makonni kaɗan.

Albasa da tumatir dai za su ci gaba da zuwa a mota daga arewa. Tun Yulin 2021 da aka tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku ta hanyar Nsawam, sannan Nijar da Burkina Faso da Mali suka kammala ficewa daga CEDEAO a Janairun 2025, farashinsu a kasuwar Laraba ta Nima ya fi dogara da lafiyar hanya da yarjejeniyar kan iyaka fiye da abin da aka shuka a bokiti.