Oba-oba, da Tambayar Wa Ya Ba da Umarni

A Amurka an daɗe ana ja-in-ja a kan rediyon 'yan sanda. Shekaru da dama duk mai 'yar na'urar kamo zango yana iya zama a ɗakinsa ya saurari abin da jami'ai ke faɗa wa juna, har 'yan jarida suka mayar da ita kunnensu na biyu. Daga 2023 rundunar birnin New York ta fara kulle maganganunta ta yadda wanda ba shi da mabuɗi ba zai ji komai ba. Hujjarta ita ce ɓarawo ma yana da kunne. 'Yan jarida kuwa suka ce an rufe wa jama'a taga.

Mu a Kano ba mu kai ga wannan gardamar ba. Tambayarmu ta fi tsufa: su kansu 'yan sandan suna jin junansu? A 2010 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470 domin kafa tsarin sadarwar tsaro na ƙasa, mafi yawan kuɗin kuma rance ne. Kyamarorin Abuja aka fi yi wa kuka da suka mutu, amma ƙashin bayan aikin shi ne layin magana na jami'ai, shi ma bai yi ƙarko ba. Sai wayar salula ta ci gaba da cike giɓin.

Wanda ya san cikin Birni ya san illar haka. Idan faɗan daba ya ɓarke tsakanin Ƙofar Mata da Yakasai, mota a bakin titi take tsayawa, jami'ai su rarrabu cikin lunguna da ƙafa, wannan bai ganin wancan. Oba-oba kan isar da kalma ɗaya ga mutum ashirin a lokaci guda. Waya kuwa sai a bi su ɗaya bayan ɗaya, idan layi ya shiga ke nan, abin da ba a da tabbacinsa ranar Hawan Daushe. Ranar 20 ga Janairun 2012, da aka kai hari kan ofisoshin tsaro da dama a yammaci ɗaya, aka kashe mutum aƙalla 185, ta nuna abin da ake nufi da buƙatar kowa ya ji kowa.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Umarnin da aka bayar ta oba-oba yana da shaidu, ana kuma iya naɗarsa a ɗakin kula da sadarwa. Wanda aka bayar ta waya sirri ne tsakanin mutum biyu. Bayan zanga-zangar Agustan 2024, ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe mutum aƙalla 24 a jihohi shida, har da Kano. Rundunar 'yan sanda ta musanta. Da akwai naɗaɗɗen sauti mai ɗauke da lokaci, da alƙali ne zai raba gardamar.

Don haka ban ga laifin kulle layin rundunonin kai samame ba. Babu mai hankalin da zai so ɗan garkuwa ya ji ta wace ƙofa za a shigo masa. Sharaɗina shi ne doka ta wajabta naɗar kowace magana, a adana ta, a miƙa wa kotu ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam duk ranar da suka nema. Majalisar tarayya, da ke amincewa da kasafin rundunar duk shekara, ita ke da ikon rataya wannan sharaɗi a wuyan kuɗin sayen na'urorin.